Mai Gadin Ƙofar Latifa

Malanbil, 6 ga Afrilu

Aminina Na-Allah,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da mutanen Kandi duka. Yaya ƙafar? Har yanzu ita ke hana ka fita, ko ragwancin nan ne da na san ka da shi tun muna 'yan makaranta a lakwal? Ka yi haƙuri da takarda. Kunnena ya yi nauyi, in ka kira ni a waya sai in ji kamar cikin tulu kake magana.

Ka ji labarin faɗuwar da na yi a makewayi. Abin da ban gaya maka ba shi ne, tun safe nake kwance nan har rana ta take, ba wanda ya sani, sai da maƙwabciyata Zalika ta kawo mini kunu. Shekara huɗu ke nan da rasuwar matata Sa'a, gidan nan daga ni sai ƙadangaru.

To, ɗiyata Latifa ta dawo daga Kwatano. Ba korar ta anka yi ba, ko da yake haka ake raɗa a unguwa. Kamfaninsu, masu shirya takardun kayan jirgin ruwa, sun yarda ta yi aikinta daga nan, wata biyu na gwaji. Ta share ɗakin uwarta, ta sa tebur da odinata, wato kwamfuta. Tana ganin shef ɗinta, shugabanta na wurin aiki, a gilashin odinatar, shi ma yana ganin ta. Mu da munka yi shekara talatin da alli a hannu, ka gaya mini, aiki ne wannan? Ba zuwa biro, wato ofis, ba ƙararrawa, mutum da silifas.

Amma ina jin motsin mutum a gida, Na-Allah, har abinci ya fara yi mini daɗi. Duk wanda ya zo gaishe ni sai in kai shi ya gan ta, don masu raɗa su gani da idonsu. Jiya mutum goma sha ɗaya na shigar.

Ka gaida mini Barakatu da yara.

Naka har kullum,
Issufu

Malanbil, 28 ga Afrilu

Aminina Na-Allah,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta gida. Takardarka ta iso. Ka ce in bar yarinya ta yi aikinta. Da ta iso da wuri ma ban tsammanin zan ji.

Ran Talata matan Garu, dangin uwarta, sunka zo kasuwa da albasa, sunka biyo su yi mata sannu da zuwa. Su shida ne. Na tura ƙofa na shigar da su. Ashe tana tsakiyar taro da wani babban mai kaya. Ka san gaisuwar matanmu. Sai da sunka tambaye ta gajiya, da zafi, da mutanen Kwatano, ɗaya bayan ɗaya, wata har ta leƙa gilashin ta gaida mutanen ciki da yarensu na Dandanci. Ni kuma ina tsaye a baya, daga ni sai zane da singileti, ina ta murmushi.

Latifa ta tashi ta gaishe su yadda ya kamata, ta ba su ruwa. Sai da la'asar ta zauna kusa da ni, ta ɗaga murya don in ji, ta ce shef ya yi magana. Ba wannan ne karon farko ba. In haka ta ci gaba, ƙarshen Mayu ta koma biro. Ta ce ba laifina ba ne. Da na wuce ɗakinta sai na ga ta sauko da akwatinta daga saman almuwar, kabad ɗin tufafi, ta ajiye shi a ƙasa. Ba ta sa komi ciki ba, ajiye shi kawai ta yi.

Na-Allah, ka tuna ranar da mai gari da kansa ya zo ƙofar ajina, na bar shi tsaye ƙarƙashin dalbejiya har anka kaɗa ƙararrawa? Na daɗe ina alfahari da wannan. Ga shi ni ne nake shiga ajin ɗiyata ba sallama. Don na gan ta a gida, sai na ɗauka zaune take.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ba mutuwa nake tsoro ba, simintin makewayin nan nake tsoro.

Ka sa mu cikin addu'a.

Naka,
Issufu

Malanbil, 2 ga Yuni

Aminina Na-Allah,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. Ka yi mini afuwar shiru, na samu aiki ne.

Washegarin takardar da na aiko maka, na sa anka fitar mini da kujera zaure. Na ciro tsohuwar rigata ta kaki, ta yi mini yawa yanzu, na zauna da sandata. Duk wanda ya zo sai in ce masa Latifa tana biro, tana fitowa ƙarfe ɗaya, tana tashi ƙarfe biyar. Zalika ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce Mushe, malamin makaranta guda, ya ƙare da gadi. Na ce mata ko ita ba ta wucewa.

Ranar da ta fi wuya ita ce ranar da Alhaji Kadiri, wan Sa'a, ya zo daga Madekali a kan babur, ƙarfe goma, da kaza a hannu. Na gitta sandata a ƙofa. Ya tambaye ni ko takardar izini ake nema yanzu kafin mutum ya ga ɗiyar ƙanwarsa. Ya ce boko ya gama da ni, kuma da Sa'a tana da rai ba a yi masa haka ba. Wannan ta soke ni. Na so in janye sandar. Sai na gaya masa abin da ban gaya wa kowa a garin nan ba, cewa in ya shiga za ta tafi, in ta tafi kuma ban san wa zai same ni ba in na sake faɗuwa. Ya hau babur ɗinsa ya koma, da kazarsa.

Kwana uku ina juya maganar. Ran Lahadi Latifa ta ɗauki zem, babur ɗin haya, ta tafi Madekali da kanta, ta wuni wurinsa. Ta dawo da kazar, da saƙo cewa mai gadinta ba shi da kunya, amma a ƙara masa matsayi. Yanzu duk ranar kasuwa yana zuwa, kuma ƙarfe goman yake zuwa, da gangan. Ya zauna zaure yana zagina har ƙarfe ɗaya ta yi.

Ba shi kaɗai ba. Wanda ya zo bai same ta ba, kunya ba ta barin shi ya juya, sai ya zauna wurina. Na sa an ƙara tabarma biyu. Rabona da hira irin wannan tun Sa'a tana nan.

Shekaranjiya shef ya ba da amsa. Za ta zauna, sai dai kowane wata ta je Kwatano kwana huɗu, Zalika ta riƙa leƙa ni. Ban ji abin da sunka ce ba, ka san kunnena. Kira na kawai ta yi in riƙe mata kujera, ta hau, ta mai da akwatin saman almuwar.

In ƙafa ta bar ka, ka zo. Amma ka sani, in ka iso kafin ƙarfe ɗaya, wurina za ka zauna. Ko kai ba ka wucewa.

Ka gaida Barakatu da yara duka.

Amininka,
Issufu