Takalmin Tsoho Gen

Kyoto, cikin damina

Zuwa ga Yaya Fumie,

Gaisuwa buhu guda daga ƙaninki da babu irinsa a Osaka balle Kyoto. Ina fata kina lafiya. Ya ƙugun naki da ruwan nan? Ya mijinki Masao, har yanzu minsharinsa na hana maƙwabta barci? Kice masa ni nace. Kiyi haƙuri da rubutun, kinsan ni da biro tun firamare bama shiri, amma tunda kince kunnenki baya jin waya, ga hukuncinki nan.

Albishirinki. Kamfaninmu na wasannin gem zai shiga waya! Yanzu ba sai mutum ya zauna gaban talabijin da akwatin gem ba, a aljihu zai ɗauke mu. Kuma da Mai Fitila za a fara. Kin tuna shi ai, wanda tsoho yake tafiya da fitila cikin dajin gora kana masa jagora har gida. Duk sautin da ke ciki aikina ne, iska, ƙofa, ruwa. Kwaɗon ma nine, da bakina nayi, har yau ba a haifi kwaɗon da ya kaini ba. Takun tsohon ne kawai ba nawa ba, na marigayi Tsoho Gen ne, maigidana da ya koya min aikin. Takalmin katakonsa ya saka ya dinga taka akwatin tsakuwa a ɗakin ɗaukar sauti, ƙwas, ƙwas, ina riƙe da makirfo yana zagina wai nishina kamar na bijimi.

A na talabijin, in ka kai tsohon gida sai ya cire takalmi, ya hure fitila, yace na dawo, wasa ya ƙare. Mu kuma duk gem ɗin da muka gama sai mu ɗau kaset na farko mu hau haikalin kan tudu, malamin yayi karatu, mu gode wa mutanen cikin wasan, ace su huta. Kamar dai yadda Inna take kai tsofaffin alluranta haikali a soke su a awara, a gode musu su huta.

To sabon manaja Kurihara, wani ɗan Tokyo mai ɗangalallen wando, yace a cire gidan. Nace ranka ya daɗe, in an cire gida ina tsohon zai nufa? Yace, "Tokuji-san, gem ɗin waya baya ƙarewa. Ranar da ya ƙare ranar zasu goge mu." Nace to haikali fa? Yace abin da bai ƙare ba me za a kai? Kowa yayi dariya, tawa tafi ta kowa ƙarfi. Na ɗinke takun Gen ƙarshe da farko ya koma zagaye, kafin abincin rana na gama. Sai ni!

Ki gaida kowa. A aiko min da tsamin kabewar nan, na Kyoto ba gishiri.

Ƙaninki gwani,
Tokuji

Kyoto, tsakiyar zafi

Yaya Fumie,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan zafi bai narkar min da ke ba. Tsami ya iso, na cinye, ban ba kowa ba.

Gem ɗinmu ya kama gari. In na shiga jirgin ƙasa na safe, ta ko ina ƙwas, ƙwas, ɗan makaranta, mai kwat, har wata tsohuwa sa'arki. Sai in buɗe ƙirji ina jira wani ya tambaye ni. Ba wanda ya tambaya, mutanen Kyoto hassada.

Amma akwai abin da zan faɗa miki, banda dariya. Takun nan na san shi kamar haƙorana, ni na ɗauka ni na ɗinke. Yanzu ba haka yake ba. Ƙafar hagu tana ja. Ƙwas, sai shhh. Kuma a bayansa akwai haki, irin na wanda ya hau tudu da kaya. Yaya, ban ɗau haki ba. Gen baya haki, mutumin da yake hawa haikali yana bar mu a baya yana kiranmu buhunan shinkafa. Na kunna na cikin kwamfutar ofis, ras yake. A wayoyin mutane ne kawai yake ja.

Sai na buɗe kabad ɗin da na ajiye takalminsa tun rasuwarsa, ni kaɗai nake da makulli. Ƙasan takalmin ya cinye, na hagu yafi. Ga garin tsakuwa a jiki, sabo fes. Na rufe, naje naci taliya kwano biyu, saboda jarumi baya tunani da yunwa.

Shekaranjiya da rana tsaka sai ga Shizue-san, matar Gen, a ofis, da laimarta da ƙunshin alewar wake. Muka zauna ƙasa, ta yabi fanka, ta yabi tumbina, kinsan mutanen Kyoto sai sun zagaya gari. Can tace, "Bana na kunna masa wuta a ƙofa, nayi masa dokin kokwamba ya hau ya zo kamar kowace shekara. Duk bikin Obon da matattu ke ziyartar gida, in ya zo, hayaƙin turare yakan karkata wajen matashinsa. Bana miƙe ya tashi har aka yi wutar sallama a kan duwatsu." Ta gyara ƙunshin tace, "Ba wai ina tuhuma bane, Tokuji-san. Ina kuka aike shi?"

Na ɗau alewar wake ɗaya na cusa a baki. Daga can teburin maigadi kuma wayarsa tana yi, ƙwas, shhh. Ta juya kai a hankali tana saurare. Tace, "Ya gaji."

Kar ki faɗa wa Masao, zai ce giya ce.

Naki,
Tokuji

Kyoto, ganye ya fara ja

Yaya ta kaina,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da mai minshari. Ki shirya tafi, ƙaninki ya gyara komai.

Na koma wajen Kurihara nace a maida gidan, ko ɗan bukka ne a ƙarshen daji. Yace babu. Amma wai masu wasa suna ƙorafi tsohon yana ɗingishi, yana sa su kasala, in gyara. Nace faifan lafiyarsa lau. Yace, "To canza takun mana, ƙafa ai ƙafa ce." Nace yaro, ka zo wajen mai ita.

Na ɗauko takalmin katakon da kika saya min na bikin Tenjin, mai tsagin nan a dunduniya da yake cewa ƙyat. Na shiga akwatin tsakuwa na taka. Yaya, taku! Gen da kansa da ya ji sai ya sara min. Na cire nasa na zuba nawa, a ranar aka tura wa duk wayoyi.

Washegari na naɗe takalmin Gen a ƙyalle na hau haikali ni kaɗai. Malamin yayi karatu, na durƙusa nace maigida mun gode, ka huta, kayi haƙuri da buhun shinkafarka. Da muka gama malamin yace, "Fitilar fa, wa ya karɓa?" Na bugi ƙirji nace ga shi gabanka. Na jira yayi dariya. Bai yi ba. Ya zuba min shayi ya turo min matashi yace in zauna, in daɗe a zaune, kar in yi sauri.

Shizue-san ta aiko da saƙo, hayaƙi ya karkata. Har da wata alewar. Kin gani? Wa ya iya in ba ni ba?

Ƙaninki mai ƙafar zinariya,
Tokuji

Kyoto, sanyi ya shigo

Yaya Fumie,

Ina gaisuwa. Da fatan kina lafiya, ki dinga rufe ƙugun nan. In kin ga layin ya karkace, a tsaye nake rubutu a kan firij, zama baya min daɗi yanzu.

Ba wani abu bane. In na tashi da safe sai inji kamar daga Osaka na tako. Ƙafar tayi kanta, ga garin tsakuwa tsakanin yatsu, alhali ban sake shiga akwatin ba. Likita yace ƙafar ɗan tsere gare ni. Nace ai na daɗe ina faɗa. Tumbin ma ya tafi, in kin ganni sai kin nema min mata. Takalmin da kika saya min yana kabad, na daina buɗewa.

Da ina samun sauƙi in gari yayi barci an ajiye wayoyi. To jiya Kurihara ya tara mu da kek, wai wata mai zuwa za a saki Mai Fitila a ƙasashen waje, inda daren mu ranarsu ce. Kowa ya tafa. Nima na tafa. Nace ranka ya daɗe, a bani ko benci a dajin nan mana. Aka yi dariya sosai, wai Tokuji ba dama.

Na koma haikali, malamin yace baya iya sallamar mai rai, kuma in na cire takuna sai an sa na wani. Na dubi yaran ofis ɗaya bayan ɗaya, duk ƙafafunsu kamar tsinken cin abinci. Ina! Ba mai iyawa sai ni. Na Gen kuma ko za a yanka ni bazan mayar ba.

Alfarma biyu nake roƙo. In kina jirgi kika ga wani yana wasan, ki matsa kusa, Masao ya saurara miki. In akwai ƙyat a ƙafar dama, nine. Kice wa mai wayar don girman iyayensa ya sa wayar a aljihu ko zuwa tasha ɗaya.

Na biyu, ga kaset nan cikin ambulan. Na shiga ɗakin ɗaukar sauti na cire takalmi, na hure kyandir, na faɗi abin da tsohon yake faɗa a ƙarshe. Ya fito da kyau, aikina ne ai. Ki sa shi a tsohuwar rediyon Baba, ki ajiye a bakin ƙofa inda ake cire takalma, ki kunna kullum da yamma. Bansan ko zai yi ba. Nasan baza ki ji ba, to kice wa Masao ya zauna kusa, in nace na dawo ya zungure ki. Ke kuma ki amsa da ƙarfi yadda Inna take yi, kice sannu da zuwa, Tokuji, shigo ka zauna.

Ƙaninki,
Tokuji