Resista a Cikin Wake

Daren Laraba, 12 ga Rajab

Har yanzu rediyon bai yi magana ba. Malam Sabo mai gyara a Ɗambatta ya ce in na haɗa shi ya yi magana kafin ranar kasuwa, zai ɗauke ni a shagonsa. In ba haka ba sai ci-rani, don abin da ke rumbu ba zai kai mu damina ba.

Da hantsi na jera kayan a faifai, na sa ƙarfen liƙi a garwashi tunda ba wuta, na ɗiga dalma a allon rediyon lafiya lau. Na dawo daga azahar na tarar an juye min kayan a tabarma, ƙananan resista uku babu, 'yan mitsi-mitsi kamar ƙwayar wake.

Yaya Habu nake zargi. Shi ya leƙo yana cewa, "Zauna nan kana ƙona yatsu, mu muna kai taki gona." Da na tambaye shi ya ce, "Me zan yi da tarkacenka?" Amma bai kalle ni ba.

Inna ta ce ita ta ɗauki faifan ta tsince wake, ba ta ga komai ba.

Muna cin waken bayan magariba na ji ƙaras a haƙori. Na tofa, sai ga resista da zanenta ja. Kunya ta kama ni.

To amma ɗaya ce, saura biyu. Kuma na ga Yaya Habu ya daina tauna, ya juya baya, ya sa wani abu a aljihu.