Taɓaryar da Na Ɓoye a Motar Gashuwa

Daren Laraba, sha biyu ga Safar, Gashuwa.

Da safe a Nguru na naɗe taɓaryar marigayiya Inna cikin tabarma, na tura ƙarƙashin bencin lori, don direbobi ba sa yarda da turmi ko taɓarya, wai suna kashe mota.

Muna shiga rairayi sai ga ƙara, ƙwal, ƙwal. Sau uku direba yana tsayawa yana shiga ƙarƙashin mota, bai ga komai ba. Ni na gane ƙarar, amma na yi shiru.

Wani tsoho mai kifi ya ce, "Direba, wannan akwalar taka ai jakina ya fi ta lafiya."

Direba ya fizgo ƙarfen tayar da mota ya maka masa a baki. Haƙora biyu suka faɗo, jini har kan mayafina. Sai a lokacin na ce, "Taɓaryata ce."

Tsohon ya tofar da jini, ya dube ni. "Baiwar Allah, ashe kina da baki tun ɗazu?"

Astagfirullah. Gobe zan bi kasuwar kifi in roƙi gafararsa. Ko sunansa ban sani ba.