Turakun rumfar makokin Yaya Sani

Daren Alhamis, Zango

Yau muka binne Yaya Sani. Da muka dawo daga maƙabarta, ni aka bar wa kafa rumfar zaman makoki a ƙofar gida. Tun da muka fara sana'ar hayar rumfa shi ke zaɓen turaku, ni tamfal kawai nake ja.

Na ɗauko gajerun na ƙarfe, waɗanda muke bugawa a unguwar Agoè mai ƙasa mai tauri. Ban tuna ƙofar gidanmu yashi ne ba. Da la'asar iska ta taso ta tumɓuke su, rumfar ta rufta kan dattawa ana tsakiyar addu'a. Babu wanda ya ji ciwo, babu kuma wanda ya yi mini faɗa. Gara a ce sun yi.

Na juya zan ce, "Yaya, waɗanne zan sa?" Har na buɗe baki.

Inna ce ta leƙo daga zaure, idanu a kumbure. Ta ce, "Habibu, ɗauko dogayen na itace a bayan ɗakinsa. Su yake sa wa yashi."

Na same su a ɗaure tamau, ɗaurin hannunsa. Mutane na jira, sai na sa wuƙa na yanke igiyar. Rumfar ta tsaya. Amma har yanzu barci ya ƙi zuwa. Me ya hana ni kwancewa a hankali?