Jinin da Aka Zubar a Bayan Danga

Zuwa ga matata Delu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Allah, ƙarar nan ce dai na sake kawowa. Shekara da shekaru ina cewa bai kamata a yi miki ƙaho ba, ana ce mini tsoho mai taurin kai.

Kin tuna ranar da kika faɗi a bakin murhu, baki ya karkace, hannun dama ya saki. Yayanki Malam Idi ya taso daga Getso da wanzaminsa, wai mataccen jini ne, a fitar da shi. Na ce a'a. Ya ce ni miji ne kawai, shi ne naki. Kina ta kallona, harshe ya ƙi. Da idona na ga an zubar da jinin a bayan danga.

To, kwanan baya na ji wani likita a rediyo. Ya ce in jini ya yanke wa wani wuri a ƙwaƙwalwa, wurin yakan saki wani abu kamar ƙamshi. A cikin ɓargo kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi da ba su riga sun zama komai ba. Su ne ke jin kiran, su fito su bi jini har inda ya lalace, su taya gyara. Ya ce kaɗan ne ke kaiwa wurin, masana ma suna kan bincike.

Delu, tun ranar tuwo ba ya wuce mini. In a cikin jini suke tafiya, me aka zubar? Suna kan hanya aka tare su?

Na je asibiti na tambaya. Aka auna ni, aka ce hawan jini, aka ba ni magani. Tambayata kuwa, murmushi aka yi mini.

Yanzu ga yatsun dama sun fara yi mini nauyi, carbi yana suɓucewa. Ɗanmu Sani ya ce ranar Asabar zai kawo wanzami. Ke ce mai cewa, "Malam, sassauta mana," in sassauta. Babu ke, maganar wa zan ji?

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ku kuma masu ilimi da wannan wasiƙa ta iso gare ku, na gaji da murmushi. Wani ya amsa mini kafin Asabar: 'yan ƙwayoyin nan suna cikin jinin ƙahon, ko ba sa ciki?

Mijinki,
Garba, daga Kabo