Kwalin littattafan Kaka

Daren Asabar, unguwar Kudai

Kai Basiru, ƙanin banza, na san kana leƙa min littafin nan, to amsa min: ran da jawwal ɗinka, wayar nan taka, ta mutu, wane karatu ya rage maka?

Ni ne mai dogon baki. Da Kawu Sale ya ce shagga, gidan da muke haya, ta yi mana kaɗan, a kai littattafan marigayi Kaka akwatin tsofaffin takardu na bakin masallaci, ni na fara cewa, "Halas, shi ke nan, a kai, duk suna cikin jawwal." A waya na koyi karatu, tunda ba makarantar da ta karɓe ni babu iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan.

Jiya a wayar dai na karanta labarin Yahudawa masu riƙo da addininsu. Ashe su ma suna karatu a na'ura, amma daga faɗuwar ranar Juma'a har ta Asabar ba sa taɓa ta. Ga takarda suke komawa, shi ya sa ba sa rabuwa da ita. Wallahi kunya ta kama ni.

Ana sallame Asuba na ruga wurin akwatin. Alhamdulillahi, kwalin na nan, motar kwasa ba ta zo ba. Na buɗe littafin da ke sama, ga ajamin Kaka a gefen shafi, ya rubuta sunan Umma ranar da aka haife ta. Wannan ba ya cikin wayar kowa. Da na kai gida, Umma ta shafa rubutun, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, mai baki."

Amma kwali biyu aka fitar, ɗaya na samu. Kawu, ranar Juma'a in an haɗu cin abinci, a gaban kowa za ka faɗa mana ina na biyun yake.