Bolar Bayan Kasuwa Ta Koma Gonar Baba

Tudun Wada,
Jihar Kano.

Zuwa ga Yayana Malam Mu'azu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Yaya Asma'u da yara duka. Yaya Fatakwal, yaya ruwan samanku da ba ya gajiya? Yaya ciwon gwiwar nan? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ka ladan ɗawainiya, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Inna ta warware daga zazzaɓin da ta yi, har ta koma yi wa kajinta faɗa, ka san kuwa wannan ce alamar lafiya a wurinta. Uwargida Hajara ma lafiya lau. Zafin bazara ya tsaya mana a ka, amma hadari ya fara leƙowa ta wajen Riruwai, kowa yana ta kai taki gona.

Na san za ka ce me ya hana ni buga waya. To na san halinka ne: in na fara ba ka labarin nan a waya ba za ka bar ni in kai ƙarshe ba, dariya za ka yi ta yi kana cewa Sabo dai ba zai canza ba. Gara in rubuta, ka yi dariyarka can inda ba na ji. Labarin 'yarka ta wajena, Hamdiyya, ne, da kuma ɗanyen aikin da ƙaninka ya yi mata.

Ka san tana ajin ƙarshe a makarantar kwana. To wata ƙungiya a Kano ce ta sa gasa tsakanin makarantu, ɗalibai su yi ɗan fim na gaskiya, ba na wasan kwaikwayo ba, a kan sharar da ta cika garuruwanmu. Malamarsu, Malama Bushira, ta zaɓi su uku: Rumaisa 'yar garin Ƙofa mai riƙe wayar ɗaukar hoto, da Muhsina 'yar Kiru mai rubuta abin da za a faɗa, sai Hamdiyya da aka sa shugaba. Kowacce ta so a je garinsu, amma tamu ta kafe, ta ce duk kudancin Kano babu bolar da ta kai ta bayan kasuwarmu, wadda ta kusa kamo katangar masallaci, ga lambatun da ledar fiyawata ta toshe tun bara. Gaskiyarta kuwa. Makaranta ta ba su rana ɗaya tak, Asabar, ranar Alhamis kuma a kai fim Kano. In ba su kai ba an cire makarantarsu daga gasar, kuma kowa ya san a wuyan wa za a rataya laifin.

Ranar Talata ta kira ni da wayar malamar, ta roƙe ni in je wurin Mai Unguwa Ɗanasabe in nema musu izini, don bai kamata yara su shigo suna ɗaukar hoto manya ba su sani ba. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ji ta ambaci shara, amma wallahi abin da ya zauna mini a kai shi ne 'yata za ta zo da kyamara, mutanen Kano za su ga unguwarmu. Ko hula ban daidaita ba na isa zauren Mai Unguwa. Na ce masa Kano za a nuna mu, da na ga ya gyara zama sai na ƙara da Abuja. Muka fito tare muka tsaya muna kallon bolar nan, awaki na kai suna kiwo. Ya girgiza kai ya ce ba dai a zamaninsa za a nuna wa duniya wannan abin kunya ba. Ni da bakina, Yaya, ni na kawo shawarar a yi gayya.

Kai, da ka ga aiki! Kwana uku unguwa ba ta zauna ba. Maza da shebur da manjagara, mata da tsintsiya har bakin titi, masu baro suna kai da kawowa. Na shiga lambatu da kaina har cinya. Aka kwashe bolar nan ƙaf, aka yayyafa ruwa, aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa. Da yake ni na jagoranci aikin, aka ce in ɗebi takin yadda nake so, na sa a-kori-kura ta yi ta jigila zuwa gonar Baba, raina fari tas, ina ganin bana dawa sai ta fi kowace shekara. Hajara ta ce anya abin da yarinyar nan take so ke nan? Na ce mata ta bar mu da harkar maza, ba-zata za mu yi mata.

Ba-zata kuwa mun yi. Asabar da hantsi motar makaranta ta tsaya, ga dattawa a kan tabarmi cikin manyan riguna, ga fura da nono, ga ni a gaba bakina har kunne. Hamdiyya ta sauko ta durƙusa ta gaida kowa yadda ya kamata, sannan ta dubi inda bolar take, ta ga fili fetal kamar za a yi sallar Idi. Ta daɗe tana kallon wurin. Rumaisa ta zauna a gefen mota ta fashe da kuka. Muhsina ta ce ai ita tun farko ta ce a je Kiru, a garinsu babu mai irin wannan karambanin. Malama Bushira, mace mai kawaici, ta yi wa Mai Unguwa godiya sosai, ta ce ba ta taɓa ganin unguwa mai tsafta haka ba, amma tunda babu abin ɗauka za su koma bayan Azahar. A nan ne fa na gane abin da na aikata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muna cikin zaure Hamdiyya tana juya ludayi a kwaryar fura ba ta sha ba, sai ta ɗago ta tambaye ni ina aka kai sharar. Na ce gona mana, inda ake kai ta kullum, ai shekara ashirin ina kai takin bola gonar Baba. Sai na ga idonta ya kawo haske. Ta ce in na yarda su je su gani. Nan fa na turje. Ƙazantar titi ta kowa ce, amma gona tawa ce da kai, kuma duk garin nan an san Baba ko tsinken ciyawa ba ya bari a kunya. Mai Unguwa ma ya ja ni gefe ya ce in rufa wa kaina asiri. Na shiga cikin gida ina huci, sai Hajara ta ce, ba tare da ta ko ɗago daga tukunya ba, wanda ya ɓata shi ya kamata ya gyara, in kuwa ina tsoron kunya to in fita in dubi fuskar 'yata. Na saɓa fartanyata na ce su biyo ni.

Yaya, kullum ina zuwa gonar nan, amma ranar ce na fara ganinta. Iskar kwana biyu ta tashi ledar da ke cikin takin, ta manne a shingen ƙaya, ta hau darbejiya, ta tsallaka gonakin maƙwabta, baƙa da fara ko'ina. Yaran nan da ransu ya ɓaci ɗazu sai ga su suna ta gudu da waya, wannan na cewa a ɗauko nan, waccan na cewa a tsaya rana ta juya. Hamdiyya ta zama wata daban, tana nuna wa kowa inda zai tsaya, har da malamar. Ta ce in yi haƙa a tsakiyar gona inda ba a zuba sabon taki ba. Na ce ai nan ƙasa ce zalla, bari su gani. Sara ɗaya, leda. Na ƙara, leda. Na ajiye fartanya na karɓi shebur, na haƙa har gwiwa, ina zaro ta kamar tsumma, har da ledar wani omo da aka daina sayarwa tun kafin a yaye Hamdiyya, rubutun jikinta ko gogewa bai yi ba. Shekara nawa ina zagin takin zamani da irin shuka da ƙarancin ruwa, ashe ni ne nake shaƙe gonar da hannuna.

Ana cikin haka sai ga Habu, ɗan Ardon nan na wajen Falgore da mahaifinsa yake kawo shanu su ci karan gonarmu bayan girbi tun zamanin Baba. Shekara uku ke nan ya daina kawowa, ni kuwa na riƙe shi a rai, ina cewa ya yi arziki ya raina mu. Ya tsaya ya dogara da sandarsa yana kallon ramin. Muhsina ta tambaye shi ko ledar tana damun dabbobi. Ya yi ta noƙewa, sai da na ce ya faɗi gaskiya don Allah. Ya ce shanunsa biyu ne suka rame suka mutu bayan sun yi kaka a gonarmu, da aka farka cikin ɗaya, ledar da aka ciro ta cika kwando. Na ce me ya sa bai taɓa gaya mini ba? Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji nauyi ne, gonar abokin mahaifinsa ce. Ina cikin rami har gwiwa na nemi gafararsa, waya tana ɗauka, ban ma tuna da ita ba.

To albishirinka! Sun kai fim ranar Alhamis, kuma shekaranjiya Malama Bushira ta zo har gida da kanta ta ce ya shiga cikin uku da aka zaɓa, za a nuna shi a Kano a gaban jama'a, an kuma gayyaci iyaye. Hajara ta rangaɗa guɗa har Inna ta fito da sanda tana tambayar wa ya haihu. Mai Unguwa da ya ce in rufa asiri yanzu shi ke bin gida-gida yana cewa a ware leda daban kafin a zubar da shara, wai dama tunaninsa ne. Na ƙyale shi. Ni dai na ɗinka buhuna, kullum da safe ina gona ina tsince ledar kafin ruwa ya sauka, kuma na san ba aikin shekara ɗaya ba ne. Ka yafe mini, Yaya, rabin gonar nan naka ne, kuma ba haka Baba ya bar mana ita ba.

Malamar ta ce kafin su kai fim ɗin ƙawayen sun so a yanke inda nake cikin rami, don kada a yi mini dariya. Hamdiyya ta ce a bar shi, babanta ba matsoraci ba ne. Sannan malamar ta miƙo mini wayar na kalla. Na ga wani tsoho da furfura, gumi sharkaf, yana riƙe da leda yana ba wa makiyayi haƙuri, sai da na ɗan jima kafin na yarda ni ne. Can sai ga wata murya ta taso a kan hoton, tsayayya, ba rawa ba in'ina, tana cewa wannan gonar ce ta ciyar da ita ta kai ta makaranta, kuma ba za ta yi shiru a binne ta da leda ba. Na tambayi malamar wace 'yar jarida suka ɗauko ta yi musu magana. Ta yi murmushi ta ce Hamdiyya ce. Yaya, shekara goma sha bakwai yarinyar nan tana gidana, tana gaishe ni safe da yamma kanta a ƙasa, ban taɓa jin muryarta a buɗe ba sai ranar. Na ce a maimaita mini har sau uku, hawaye na zuba a gaban baƙuwa, kuma ban ji kunya ba.

Ka gaida mini Yaya Asma'u da kyau, da Faruk da Bahijja, ka ce su dage da karatu. Inna tana sa muku albarka, Hajara tana gaisuwa, Habu ma ya ce in na rubuta in isar da tasa. Ka sa 'yarka a addu'a. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙaninka mai ƙaunarka,
Sabo, baban Hamdiyya.